Babi na Uku: Kan Sarki da Sha'awar Tara Abin da Ba a Amfani da Shi

Ɗan Adam yana tara abubuwa saboda dalilai mabambanta, kuma mafi yawansu ba sa bukatar dogon bayani, domin manomi yana cika rumbu ne don gudun yunwar damina, ɗan kasuwa yana ɓoye haja don jiran tashin farashi, makiyayi kuma yana ƙara yawan garke saboda shi ne dukiyarsa da mutuncinsa. Akwai kuma wani nau'in tari da bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wato wanda mutum zai kwashe shekaru yana neman abubuwa 'yan gida ɗaya, kamar tsofaffin kuɗi ko kan sarki ko faya-fayen garmaho, yana jera su bisa wani tsari da ya zaɓar wa kansa, alhali ba shi da niyyar kashe kuɗin ko liƙa kan sarkin a jikin wasiƙa. Masanin halayyar masu saye da sayarwa, Russell Belk, a wani littafi da ya wallafa a 1995 kan wannan batu, ya nuna cewa irin wannan tari yana tsayuwa ne a kan sharuɗɗa kaɗan: ana zaɓen abin da za a ɗauka, ana cire shi daga aikin da aka yi shi dominsa, sannan ana kallonsa a matsayin ɓangare na wata ƙungiya wadda 'ya'yanta suka yi kama da juna amma ba su zama abu ɗaya ba. Wanda ya san jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa, inda ake ɗora kwanoni da kwalla da tangaran a kabad tun daga ƙasa har sama ba tare da an taɓa zuba abinci a cikin mafi yawansu ba, ya riga ya ga sharaɗi na biyu da idonsa, ko da yake jere ya fi karkata ga nuna gata da matsayin iyaye fiye da biyan sha'awar mutum ɗaya.

Kan sarki shi ne misalin da ya fi dacewa da nazarin wannan sha'awa, saboda an san ranar haihuwarsa, an kuma san yadda masu tara shi suka ɓullo, mataki bayan mataki. Kafin 1840, a Ingila, wanda aka aika wa wasiƙa shi ne galibi yake biyan kuɗin kawo ta, ana kuma lissafin kuɗin bisa nisan tafiya da yawan takardu, abin da ya sa talaka kan ƙi karɓar saƙon da aka kawo masa. Rowland Hill ya kawo shawarar mai aikawa ya biya tun farko, a farashi ɗaya na kwabo guda zuwa ko'ina a cikin ƙasar, kuma shaidar biyan ita ce 'yar takarda mai danƙo a baya. Haka aka fito da kan sarki na farko a duniya, baƙi mai ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria, wanda aka fi sani da Penny Black, aka fara amfani da shi a hukumance ranar 6 ga Mayu, 1840. Bai cika shekara guda yana aiki ba aka maye gurbinsa da ja a 1841, domin jan tawadar da ake kashe shi da ita ba ta fitowa sosai a kan baƙi, wasu kuma suna wanke ta su sake amfani da shi. Jama'a da yawa suna zaton shi ne kan sarki mafi wuyar samu, amma an buga fiye da miliyan 68, kuma da yake a wancan zamani ana naɗe wasiƙa ne a liƙa kan sarkin a jikinta ba tare da ambulan ba, duk wanda ya adana wasiƙa ya adana shi tare da ita, don haka har yau yana da yawa a hannun dillalai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga wannan babi. A shekarun farko mutane sun tara kan sarki ne kamar yadda ake tara kowane tarkace, da yawa kawai, har jaridar The Times ta Landan ta ɗauki tallar wata budurwa a 1841 wadda take neman a taimaka mata da waɗanda aka riga aka yi amfani da su domin ta liƙe bangon ɗakinta, bayan ta tara dubu 16. Wannan tari ne, amma bai zama sha'awar da ake magana a kanta ba, domin a wurinta kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa. Sai da ƙasashe suka yawaita wajen buga nasu, aka kuma sami mutanen da suka zauna suka rubuta jerin duk waɗanda aka sani, sannan al'amarin ya sauya kama. A 1861 Oscar Berger-Levrault ya fitar da irin wannan jeri a birnin Strasbourg, mai ɗauke da abubuwa ƙasa da dubu ɗaya, Alfred Potiquet ya bi bayansa a Faris a ƙarshen shekarar, a 1862 kuma Justin Lallier ya buga albam na farko, wato littafi mai shafuka da aka zana wa kowane kan sarki gurbinsa tun kafin a same shi. A 1864 wani Bafaranshe, Georges Herpin, ya raɗa wa fannin suna filateli, ma'ana tarawa da nazarin kan sarki da duk abin da ya shafi aikin gidan waya, a 1865 kamfanin Stanley Gibbons ya fara buga nasa jerin mai farashi, a 1869 kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a Landan, wadda take nan har yau.

Albam ɗin Lallier ya yi wani aiki da ya wuce adanawa, domin ya sa mutum yana ganin abin da ba shi da shi. Kafin a zana gurbi, mai kan sarki ɗari yana ganin ɗari ne kawai, amma bayan an zana, sai idonsa ya riƙa sauka a kan guraben nan goma sha biyu da suka rage fanko a shafin, su ne kuma za su hana shi sukuni. Duk wanda ya zauna da masu tara abubuwa zai lura cewa hirarsu ta fi yawa a kan abin da suke nema fiye da abin da suka mallaka, kuma wanda ya cika albam ɗinsa ba kasafai yake hutawa ba, yakan buɗe sabon fage ne ko ya ƙara tsananta wa kansa sharaɗi. Penny Black ya ba da kyakkyawan misali a nan. An buga shi ne a falle mai ɗauke da guda 240, layi 20 kowanne da guda 12, ta yadda layi ɗaya ya zama sule, falle kuma fam guda, lissafin da dattawan da suka yi zamanin kwabo da sule ba za su manta ba. Kowane kan sarki yana da haruffa biyu a kusurwoyinsa na ƙasa waɗanda ke nuna layinsa da matsayinsa a fallen, tun daga AA har zuwa TL. Da masu tarawa suka gane haka, sai mallakar guda ɗaya ta daina isar su, suka shiga neman duka 240 domin su sake haɗa fallen da almakashin ma'aikatan gidan waya ya wargaza, wasu ma suka ƙara da cewa dole dukkansu su fito daga farantin bugu ɗaya.

Lissafi ma yana da abin faɗa game da wannan giɓi, kuma bayaninsa ya nuna dalilin da ya sa ƙarshen nema ya fi farkonsa ɗaci da daɗi. A ɗauka akwai hotuna ɗari mabambanta da ake sayarwa a rufe, mai saye bai san wanda zai faɗo masa ba, kamar yadda kamfanin Panini na ƙasar Italiya yake sayar da hotunan 'yan ƙwallo a kowace gasar cin kofin duniya tun 1970. Idan damar fitowar kowane hoto daidai take da ta sauran, to a matsakaicin lissafi mutum zai sami rabin farko, wato hamsin, bayan ya sayi kimanin 69, amma kafin ya cika ɗarin sai ya sayi kimanin 519, kuma hoton ƙarshe shi kaɗai yana cin kimanin saye ɗari. Wato abin yana fara wa mutum da sauƙi har ya shiga ransa, sannan ya riƙa tsananta a daidai lokacin da barin sa ya yi wuya. Masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna tun tsakiyar ƙarni na 20, a gwaje-gwajensa da tantabaru da ɓeraye, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi riƙe halitta a kan aiki fiye da ladan da yake zuwa a kan ƙa'ida, kuma a kan wannan ginshiƙi caca take tsaye. Ba za a ɓoye ba, sayar da hotuna a rufe ya ɗebo wani abu daga dabarar caca, kuma yara ne suka fi faɗawa. Sai dai wannan lissafi shi ne kuma ya haifar da mafi kyawun ɓangaren sha'awar, domin wanda ya tara maimai ɗari huɗu ba shi da mafita sai ya nemi wani mai irin matsalarsa su yi musaya, daga musaya kuma ake samun sabo, da wasiƙu tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, da ƙungiyoyi da mujallu da baje koli.

Bayan daɗin nema, daɗi na biyu, wanda ya fi na farko daɗewa, shi ne na sani. Kan sarki biyu za su iya zama iri ɗaya a idon kowa, amma mai tarawa ya ga bambanci uku ko huɗu a tsakaninsu, kuma wannan horon ido shi ne abin da ma'abota fannin suka fi alfahari da shi. Suna ƙirga haƙora, wato 'yan hujojin gefe da aka fara yi a Ingila a 1854 domin a riƙa yage kan sarki ba tare da almakashi ba, ana kuma auna su da yawan hujin da ke cikin santimita biyu, ma'aunin da Jacques Legrand ya ƙirƙiro a 1866. Suna duba alamar cikin takarda, wato zanen da ake dannawa a jikinta tun tana ɗanya a masana'anta, wanda ba ya bayyana sai an ɗaga ta ga haske ko an jiƙa ta da wani ruwa na musamman. Suna kuma bambance launi da launi, da irin danƙon baya, da tambarin da aka kashe kan sarkin da shi, duk da taimakon madubin ƙara girma da matsefata, domin gumin yatsa yana ɓata takarda.

Kawunan sarkin Arewacin Najeriya sun isa misali. An fara buga su a 1900 da hoton Sarauniya Victoria, a kamfanin De La Rue na Landan, bisa wani zane guda da ake amfani da shi ga yankunan mulkin mallaka da dama, sunan ƙasa da farashi kawai ake sauyawa. Na Sarki Edward na Bakwai sun fito a 1902, aka sake buga su bayan 'yan shekaru da fuska ɗaya, amma a kan takarda mai wata alama daban: na farko suna da kambi guda da haruffan CA a cikin kowane kan sarki, na baya kuma alamar ta cika takardar tana maimaituwa. Wanda bai sani ba zai ce maimai ne ya jefar da ɗaya. Akwai kuma na fam 25 da aka fitar a 1904, kuɗin da da wuya a ce wata wasiƙa ta taɓa bukatarsa a wancan zamani, wanda a yau yake cikin mafiya wuyar samu a dukkan na Afirka ta Yamma. Gaba ɗaya rayuwar kan sarki mai sunan Arewacin Najeriya shekara goma sha huɗu ce, domin bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914 aka fito da masu ɗauke da sunan Najeriya kaɗai, kuma wannan gajarta ita ce ta sa yankin ya yi farin jini a wurin masu tarawa, tun da fage ne mai farko da ƙarshe wanda mutum ɗaya zai iya sa ran kewaye shi. A Nijar kuwa, na farko da aka yi amfani da su da sunan ƙasar a 1921 tsofaffin kawunan sarkin yankin Haut-Sénégal-Niger ne masu hoton mahayin raƙumi, aka buga sabon suna a kansu, kafin a fito da nata na kanta a 1926, waɗanda ɗaya daga cikin zanensu ganuwar sojan Damagaram ce.

Mutum ba zai daɗe yana jera irin waɗannan ba sai ya fara tambayar abin da ya wuce takarda. Jerin da aka fitar wa Najeriya a 1953, a farkon sarautar Elizabeth ta Biyu, ya nuna mahayan Barno a kan na kwabo, gyaɗa da birnin Kano a kan na ahu, haƙar kuza a kan na kwabo biyu, gadar Jebba a kan na taro, sannan koko da katako da manja a kan wasu. In aka ajiye su a shafi ɗaya, sai a ga cewa mafi yawansu jerin hajar da ake ɗiba zuwa Turai ne da hanyoyin da ake bi a ɗebe ta, wato hoton ƙasar kamar yadda mai mulkinta yake kallon ta. Wanda ya ɗora na ranar 1 ga Oktoba, 1960 a shafi na gaba, sannan waɗanda Biyafara ta buga a lokacin yaƙin basasa, sannan na farkon naira da kwabo a 1973, ya rubuta tarihin siyasa ba tare da ya ɗauki alƙalami ba. Wannan shi ne amsar da ta fi ƙarfi ga masu ganin abin wasan yara ne ko aikin wanda ya rasa abin yi, domin sau da yawa mai tarawa yakan san ƙaramin fagensa fiye da malamin jami'a, ba don ya fi shi basira ba, sai don ya fi shi daɗewa yana kallon abu ɗaya.

Labaran da jaridu suka fi so su ne na tsada, kuma ba za a tsallake su ba, ko da yake ba su ne zuciyar al'amarin ba. A 1856 kawunan sarkin da ake jira daga Ingila suka yi ƙaranci a Giyana ta Ingila, a Kudancin Amurka, sai shugaban gidan waya ya sa maɗaba'ar wata jarida a Georgetown ta buga na wucin gadi, ma'aikata suna sa hannu a kan kowanne don gudun jabu. Daga cikin na santi ɗaya, guda tak aka sani ya tsira. Wani yaro ɗan shekara 12 ne ya tsince shi a cikin takardun danginsa a 1873, ya sayar da shi sule shida, a 2014 kuma aka yi gwanjonsa a New York a kan kusan dala miliyan 9.5. Ba shi da kyan gani, ya yi duhu, an kuma yanke kusurwoyinsa. Abin lura shi ne bayansa, inda waɗanda suka mallake shi suka riƙa barin alamarsu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama mai saye yana sayen gurbi ne a cikin wata silsila ta sunaye, kamar yadda ɗalibi yake alfahari da jerin malaman da karatunsa ya biyo ta hannunsu. A Amurka kuwa kuskure ne ya yi daraja: a Mayun 1918 wani ma'aikaci mai suna William Robey ya sayi falle mai guda ɗari a wani gidan waya na Washington a kan dala 24, wanda aka buga hoton jirgin saman da ke jikinsa a kife, cikin 'yan kwanaki ya sayar da shi dala dubu 15. A kowace sana'a aibi yana rage kuɗin haja, amma a nan shi ne yake ƙara shi, domin abin da ake saye shi ne rashin na biyu. Hatta jabu ya sami kasuwa, domin kwaikwayon da Jean de Sperati ya yi ya kai ƙwarewar da wata ƙungiyar masu harkar kan sarki ta Ingila ta saye kayan aikinsa a farkon shekarun 1950 don ya daina, yau kuma akwai masu tara jabunsa da sunansa.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi ta ƙoƙarin gano tushen wannan sha'awa a can cikin zuciya. Werner Muensterberger, a littafinsa na 1994, ya danganta ta da rashin kwanciyar hankali tun na ƙuruciya, yana ganin mai tarawa yana neman a wurin kaya abin da ya rasa a wurin mutane. Akwai waɗanda bayanin ya dace da su, amma ya yi faɗi da yawa, domin ya ɗauki halin 'yan kaɗan da suka wuce gona da iri ya shafa wa miliyoyin mutanen da suke zaune lafiya da iyalansu. (Sigmund Freud, wanda wannan mazhaba ta nazari ta samo asali daga gare shi, shi kansa ya tara tsofaffin gumaka da kayan tarihi fiye da dubu biyu, ya kuma kwashe su daga Vienna zuwa Landan a 1938 lokacin da ya tsere wa 'yan Nazi.) Bayani mafi sauƙi ya fi kusa da gaskiya: albam wuri ne ƙarami da mutum yake da cikakken iko a kansa, inda komai yake da gurbi kuma yake zama inda aka sa shi, abin da rayuwa ba ta cika bayarwa ba. Ba mamaki shi ya sa mutanen da nauyin jama'a ya yi musu yawa suke cikin fitattun ma'abotansa. Sarki George na Biyar na Ingila ya bar albam fiye da 300, kuma tun yana yarima ya sayi wani kan sarkin tsibirin Morishas na 1847 a kan fam 1,450 a 1904. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt, wanda shan inna ta kama a 1921, ya riƙe nasa tun daga jinya har cikin Yaƙin Duniya na Biyu, yana komawa gare su da dare bayan aikin ofis. Akwai kuma abin da masana tattalin arziki suke kira tasirin mallaka, wato yadda abu yake ƙara daraja a idon mutum da zarar ya zama nasa, wanda Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka gwada a 1990 da kofunan shayi, suka ga waɗanda aka ba kofi suna neman kimanin ninki biyu na abin da masu saye suke son biya. In kofin da aka miƙa wa mutum yanzun nan ya yi haka, ina ga abin da ya yi shekara goma yana nema?

Kuɗi kuwa shi ne mafi raunin dalilan shiga wannan fage. Kan sarki ba ya haihuwa, ba ya kawo haya, darajarsa tana rataye ne a kan samun wani mai sha'awa da zai biya, kuma farashin da ake gani a littafin dillalai farashin sayarwarsu ne, ba abin da za su ba wanda ya kawo musu nasa ba. Mafi yawan kawunan sarkin da aka buga bayan Yaƙin Duniya na Biyu an buga su ne da miliyoyi, jama'a kuma suka adana su da yawa da zaton za su yi tsada, wannan adanawar ce ma ta hana su tsadar. A Sifen, a Mayun 2006, 'yan sanda suka rufe kamfanonin Afinsa da Fórum Filatélico, waɗanda suka karɓi ajiyar mutane fiye da dubu 300 bisa alkawarin riba tabbatacciya daga kan sarki, daga baya kotu ta tabbatar cewa an zuzuta darajar kayan, ana kuma biyan tsofaffin masu ajiya da kuɗin sababbi. Mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su ba masu tarawa ba ne, da yawansu ba su taɓa ganin abin da aka ce sun saya ba. Ko shahararren na Giyana, da aka sake gwanjonsa a 2021, dala miliyan 8.3 ya kawo, ƙasa da abin da mai shi ya biya shekara bakwai kafin nan.

Akwai iyaka tsakanin sha'awa da cuta, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun shata ta. A 2013 ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Amurka ta sanya cutar tara tarkace a matsayin lalura mai zaman kanta, alamominta kuwa su ne kasa rabuwa da kaya ko da ba su da amfani, da cunkushe ɗakuna har su daina aikin da aka gina su dominsa, da shiga ƙunci ko tauye rayuwar mutum da iyalinsa. Misalin da aka fi ambata shi ne na 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, waɗanda aka tsinci gawarwakinsu a gidansu na Harlem a 1947, aka kuma kwashe tarkace fiye da tan ɗari daga cikinsa. Mai tarawa na gaskiya yana zaɓe, yana ƙin abin da bai shiga tsarinsa ba, yana musaya da maimai, yana kuma jin daɗin nuna wa baƙo, alhali mai waccan lalura yana ɓoyewa ne cikin kunya. Duk da haka tsari kaɗai ba ya wanke mutum. Sir Thomas Phillipps, wanda ya rasu a 1872, ya tara rubuce-rubucen hannu kimanin dubu 60 a Ingila, ya ceto da yawa daga halaka, amma ya yi hakan ne da bashin da ya ƙi biya da ƙuntata wa iyalinsa, kuma wanda ya hana gidansa cefane don ya cike gurbi a shafi ba shi da hujja ko a addini ko a al'ada.

Tambayar da kowane mai tarawa yake kauce wa ita ce makomar kayan bayan ransa, tun da magada ba kasafai suke gadon sha'awa tare da kaya ba. Philipp von Ferrary, wanda ake ganin ba a taɓa tara kan sarki kamar nasa ba, ya yi wasiyyar a ba gidan tarihin gidan waya na Berlin, amma da ya rasu a 1917 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, gwamnatin Faransa ta ƙwace kayan ta yi gwanjonsu kashi-kashi daga 1921, aikin rayuwa guda ya watse a duniya. Likita Hans Sloane ya fi shi sa'a, domin abubuwa kimanin dubu 71 da ya bari a 1753 su ne harsashin Gidan Tarihin Birtaniya, ko da yake wani ɓangare na dukiyar da ya saye su da ita ya fito ne daga gonakin rake na Jamaika da bayi suke nomawa. Littattafai da takardun Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, sun tsira a haɗe, sai dai suna Jami'ar Northwestern a Amurka, inda ɗalibin Kano yake bukatar biza kafin ya taɓa su.

A yau wasiƙar hannu ta ja baya, yara da yawa sun girma ba su taɓa lasar bayan kan sarki ba, kuma wannan ya mayar da hankalin masu nazari daga kan sarkin kansa zuwa ga ambulan ɗin da yake jikinsa, fannin da ake kira tarihin aikin gidan waya. Ambulan cikakke yana faɗin garin da aka jefa wasiƙa, da ranar, da hanyar da ta bi, da kuɗin da aka biya, shi ya sa kan sarkin Ingila na yau da kullum yake zama abin nema idan tambarin Kamfanin Neja na Lakwaja ne ya kashe shi kafin 1900, haka ma tambarin Zungeru na shekarun da take hedikwatar Arewa. A cikin akwatunan ƙarfe da adakoki na gidaje da yawa a Kano da Zariya da Maraɗi da Kumasi akwai wasiƙun alhazai da na fatake da na sojojin da suka je Bama, waɗanda gara da laima da zafi suke ci a hankali. Duk wanda ya ci karo da irin waɗannan a kayan iyayensa, kada ya yage kan sarkin ko ya jiƙa shi don ya ɓamɓare, ya bar ambulan ɗin yadda yake da wasiƙarsa a ciki, ya ajiye shi a kwance tsakanin fararen takardu a wuri busasshe da rana ba ta kaiwa.